OpenStack: Tarihin Buɗaɗɗen Girgijen Kwamfuta da Al'ummar da ke Gina Shi

OpenStack tarin manhajoji ne da ke haɗa ɗaruruwa ko dubban manyan kwamfutoci da aka jera a cibiyar adana bayanai su zama tamkar rumbu guda, ta yadda ma'aikata ko kamfani zai riƙa ɗibar abin da yake buƙata daga ciki ta hanyar intanet, ko ƙarfin sarrafa bayanai ne, ko wurin ajiya, ko hanyar sadarwa. Wannan salon aiki shi ne masana fasahar zamani ke kira girgijen kwamfuta. Sunan na iya ruɗar mai karatu, domin babu abin da ke rataye a sama. Injuna ne a cikin wani gini mai sanyi da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, sai dai mai amfani da su ba ya buƙatar ganinsu, ko sanin wanne daga cikinsu ke yi masa aiki.

Manyan masu bayar da hayar irin wannan girgije a duniya su ne Amazon da Microsoft da Google, kuma kowannensu ya ɓoye rubutun manhajar da yake tafiyar da nasa. Ta nan ne OpenStack ya sha bamban da su. Rubutunsa a buɗe yake ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, wanda ya ba kowa damar saukewa, karantawa, canzawa, har ma da yin kasuwanci da shi ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Jami'a ko banki ko kamfanin sadarwa ko gwamnati za ta iya sayen injunanta, ta ɗora shi a kai, ta mallaki girgijenta na kanta, bayananta kuma su zauna inda take so.

Babu kamfani guda da ya mallaki OpenStack. Al'umma ce ta masu rubuta manhaja da masu gudanar da cibiyoyin bayanai, warwatse a ƙasashe da dama, ke gina shi da kula da shi. Tarihin wannan al'umma ya ƙunshi wani abu mai jan hankali: a shekarun baya-bayan nan yawan injunan da suka dogara da manhajar yana ƙaruwa sosai, amma hannuwan da ke rubuta ta sun ragu ƙwarai idan aka kwatanta da lokacin da take tashe.

Asalin aikin

A shekarar 2006 kamfanin Amazon ya fara bayar da hayar wurin ajiya da ƙarfin kwamfuta ta intanet, abin da ya sauya tunanin masana'antar baki ɗaya. Bayan 'yan shekaru, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ƙuduri gina irin wannan tsari don amfanin kanta a cibiyarta ta Ames da ke jihar Kalifoniya, ta sa masa suna Nebula. Da farko injiniyoyinta sun yi amfani da wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna Eucalyptus, amma da ta kasa biya musu buƙata sai suka rubuta tasu da harshen Python, suka kira ta Nova. Aikinta shi ne ƙirƙira da sarrafa kwamfutocin kwaikwayo, wato raba inji guda na zahiri zuwa kwamfutoci da yawa waɗanda kowacce ke aiki kamar ita kaɗai ce.

A daidai wannan lokaci kamfanin Rackspace na birnin San Antonio a jihar Texas, wanda ke gasa da Amazon a kasuwar haya, ya yanke shawarar buɗe rubutun manhajarsa ta adana fayiloli, wadda aka sanya wa suna Swift. Lissafin kamfanin a fili yake: shi kaɗai ba zai iya kamo Amazon ba, amma idan kamfanoni da yawa suka taru a kan manhaja ɗaya, za a samu abin da zai tsaya gaban babban abokin hamayyar. Ɓangarorin biyu suka haɗa abin da ke hannunsu, aka sanar da kafa OpenStack a watan Yulin 2010 tare da goyon bayan kamfanoni sama da 25. Fitowa ta farko, mai suna Austin, ta zo ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara, kuma sassa biyu kacal ta ƙunsa, Nova da Swift.

Daga hannun kamfani zuwa gidauniya

Ba a daɗe ba aka fara guna-guni. Rackspace ne ke riƙe da sunan kasuwanci na aikin, kuma a farkon 2011 ya sayi Anso Labs, ƙaramin kamfanin da injiniyoyinsa suka rubuta wa NASA manhajar Nova. Da wannan ciniki, akasarin masu faɗa a ji suka koma ƙarƙashin inuwa ɗaya. Manyan kamfanoni irin su IBM da Red Hat ba su ga dalilin zuba kuɗi da ma'aikata a gonar da wani zai iya kewayewa da shinge gobe ba. A taron da aka yi a Boston cikin Oktoban 2011, Rackspace ya yi alƙawarin miƙa ragamar ga gidauniya mai zaman kanta.

Shekarar 2012 ta zo da gwaji biyu kafin cikar alƙawarin. A watan Afrilu kamfanin Citrix, ɗaya daga cikin magoya bayan farko, ya juya baya ya miƙa tasa manhajar, CloudStack, ga gidauniyar Apache don ta yi gogayya da OpenStack. Ita ma NASA ta janye daga rubuta manhajar a wannan shekara. Duk da haka aka ƙaddamar da Gidauniyar OpenStack a watan Satumba, da kuɗin farawa sama da dala miliyan 10, Jonathan Bryce kuma ya zama babban daraktanta. Kamfanoni takwas ne suka zama mambobi mafi girman daraja a lokacin: AT&T, Canonical, HP, IBM, Nebula, Rackspace, Red Hat da SUSE.

Abin da ya fi muhimmanci a tsarin gidauniyar shi ne raba iko gida biyu. Hukumar gudanarwa, mai kujeru 24 a farko, ita ke kula da kuɗi da sunan kasuwanci da manufofi, kuma an kasa kujerunta kashi uku daidai tsakanin manyan kamfanoni, matsakaitan kamfanoni da ɗaiɗaikun mambobi. Amma hukumar ba ta da hurumin cewa ga abin da zai shiga cikin manhajar. Wannan aikin kwamitin fasaha ne, wanda masu rubuta manhajar da kansu ke zaɓa. Wanda aka karɓi gyaransa a cikin shekarar da ta gabata yana da ƙuri'a, ko ma'aikacin babban kamfani ne ko ɗalibi, muddin ya yi rajista a matsayin mamba. Kwamitin ya fara da mutum 13, daga baya aka rage shi zuwa 9. Kuɗi na iya saya wa kamfani kujera a hukuma, amma ba ya saya masa kujera a kwamitin fasaha.

Al'ummar ta kuma ɗaure kanta da ƙa'idoji huɗu da take kira buɗewa huɗu: rubutun manhaja a buɗe, tsara fasali a buɗe, gudanar da aiki a buɗe, ƙofar shiga al'umma ita ma a buɗe. Ta farkon ta haramta dabarar da wasu kamfanoni ke yi ta sakin rabin manhaja kyauta su riƙe mafi amfanin don sayarwa.

Sassan manhajar

Daga sassa biyu na farko, aikin ya yi ta rassa. Glance ya zo a 2011 don adana hotunan tsarin kwamfuta waɗanda ake ɗagawa a tayar da sabuwar kwamfutar kwaikwayo. A 2012 aka ƙara Keystone mai tantance wane ne wane da abin da aka yarda ya taɓa, da Horizon wanda shi ne shafin da mai amfani ke gani, sai Cinder mai kula da faifan ajiya, da kuma sashen hanyoyin sadarwa da aka fara kira Quantum kafin a sauya masa suna zuwa Neutron a 2013 saboda rikicin sunan kasuwanci. Ironic, wanda ke bayar da inji na zahiri gaba ɗaya maimakon na kwaikwayo, ya shiga sahu a 2015. Kowane sashe yana da ƙungiyarsa da jagoran da ake zaɓa duk bayan wata shida.

Yadda gyara ke shiga

Wanda ke son fahimtar wannan al'umma, nan ne wurin da ya kamata ya tsaya ya duba da kyau, domin a nan ne ƙa'idojin da aka rubuta ke zama aiki na yau da kullum.

Babu mutumin da ke da ikon saka gyara kai tsaye cikin rubutun OpenStack, komai girmansa. Mai gyara zai tura abin da ya rubuta zuwa wani dandalin bita mai suna Gerrit, inda kowa ke iya karantawa layi bayan layi, ya yi tsokaci, ya kaɗa ƙuri'ar amincewa ko ta ƙin amincewa. Ƙuri'ar gama-garin masu bita shawara ce kawai. Ƙuri'a mai nauyi tana hannun wasu 'yan tsiraru a kowace ƙungiya da ake kira jigogin bita, waɗanda suka kai wannan matsayi bayan sun daɗe suna duba aikin wasu har abokan aikinsu suka yarda da idonsu. Bisa al'ada, sai jigo biyu sun amince gyara ke wucewa, kuma jigo ɗaya na iya dakatar da shi cak idan ya ga zai yi ɓarna. A wasu ƙungiyoyi, kamar ta Nova, an saba kauce wa yanayin da mai gyara da jigogin biyu duk za su fito daga kamfani ɗaya. Ba abin mamaki ba ne gyara mai layi ashirin ya sha sake rubutu sau goma ko fiye kafin a gamsu da shi, kuma wannan jinkiri na daga cikin abubuwan da sababbin shiga suka fi kuka da su.

Bayan amincewar mutane sai hukuncin na'ura. Al'ummar ta ƙera wata manhaja ta musamman mai suna Zuul, wadda aka fara a 2012, don tsaron ƙofa. Duk gyaran da aka turo, Zuul zai tayar da kwamfutocin kwaikwayo, ya gina cikakken ƙaramin girgije da gyaran a ciki, ya gudanar da dubban gwaje-gwaje, sannan ya rushe komai. Idan gwaji ɗaya ya faɗi, ƙofa ba ta buɗewa, ko da shugaban kwamitin fasaha ne ya rubuta gyaran.

Matsalar da wannan tsari ya haifar ita ce ta layi. A lokacin da ake karɓar ɗaruruwan gyare-gyare a rana, kowanne kuma gwajinsa na cin sa'a ɗaya ko fiye, bin su ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu ba. Gwada su a lokaci guda ba tare da la'akari da juna ba shi ma haɗari ne, domin gyara biyu da kowanne lafiyarsa ƙalau na iya karo idan suka haɗu. Dabarar Zuul ita ce ya jera su a layi, ya gwada kowanne a lokaci guda bisa zaton cewa duk na gabansa za su wuce. Na uku a layi ana gwada shi tare da na ɗaya da na biyu. Idan duka suka yi nasara, sai su shige tare. Idan na biyu ya faɗi, sai a fitar da shi daga layi, a sake gwada na bayansa ba tare da shi ba. Dabarar ta yi tasiri har ta fita daga gidan da aka haife ta: kamfanonin motoci irin su BMW da Volvo sun ɗauki Zuul don gwada manhajar da suke sakawa cikin motocinsu. Kwamfutocin da ake wannan gwaji a kansu kuwa, kamfanonin da ke bayar da hayar girgijen OpenStack ne ke ba da su gudummawa.

Akan kira irin wannan aiki aikin gayya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kwatancin yana da iyaka. Mafi yawan waɗanda ke rubuta OpenStack ba 'yan sa-kai ba ne masu aiki da dare bayan sun tashi daga ofis. Ma'aikata ne da kamfanoninsu ke biya albashi don su yi wannan aiki. Gayya ce ta kamfanoni masu hamayya da juna a kasuwa, kowanne ya turo 'ya'yansa gona ɗaya, kuma ranar da uban gida ya canza lissafi zai kira nasa su dawo gida.

Wata shida-shida

Tun daga 2011 al'ummar ta tsayar da al'adar fitar da sabon zubi kusan duk wata shida, ɗaya a wajajen Maris ko Afrilu, ɗaya a wajajen Satumba ko Oktoba. Ranar fitowa ce ke mulki: abin da bai kammala ba kafin a rufe ƙofar sababbin fasaloli sai ya jira zagaye na gaba. Thierry Carrez, injiniya ɗan ƙasar Faransa, ya daɗe yana kula da wannan jadawali kafin ya zama ɗaya daga cikin shugabannin gidauniyar.

Sunayen fitowar suna bin jerin haruffan boko, kuma shekaru da yawa ana ɗauko su daga wani wuri da ke kusa da garin da aka yi taron tsara zubin. Bexar gunduma ce a Texas. Havana ta 2013 ba babban birnin Kyuba ba ce, wani ƙaramin ƙauye ne a jihar Oregon. Icehouse titi ne a Hong Kong, Mitaka gari ne a yankin Tokyo, Ussuri kuma kogi ne da ya raba Sin da Rasha. Da aka yi taro a Paris a 2014, sai aka zaɓi Kilo don tunawa da ma'aunin kilogiram na asali da ke ajiye a Sèvres, kusa da birnin. Train ta 2019 kuwa barkwanci ne: ƙarar jirgin ƙasa ce ta hana mahalarta wani taro a Denver barci, suka rama ta hanyar sanya wa manhajar sunansa. Haruffan sun ƙare da Zed a Oktoban 2022, aka koma farko da sabon salo mai haɗa shekara da suna: 2023.1 Antelope, 2023.2 Bobcat, 2024.1 Caracal, 2024.2 Dalmatian, 2025.1 Epoxy.

Wannan sauri ya yi wa masu rubutu daɗi, amma ya wahalar da masu gudanar da cibiyoyi. Sabunta girgijen da dubban mutane ke aiki a kansa ba wasa ba ne, kuma da yawa sun riƙa zama a kan tsohon zubi na shekaru don tsoron abin da zai lalace. An ɗauki lokaci mai tsawo ana jayayya kan ko a mayar da zagayen shekara guda. Maslahar da aka cimma ta fara aiki da Antelope: ana ci gaba da fitowa sau biyu a shekara, amma an tabbatar da hanyar tsallake ɗaya, ta yadda mai cibiya zai iya tashi daga Antelope zuwa Caracal, daga nan zuwa Epoxy, sau ɗaya a shekara. A ganin mai wannan rubutu, wannan gyara ya fi sababbin fasaloli da yawa amfani, kuma ya makara da shekaru.

Shekarun tashe da janyewar manya

Tsakanin 2013 da 2016 babu babban kamfanin fasaha da ke son a bar shi a baya. An zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a ƙananan kamfanonin da suka taso a kan OpenStack. Taron Austin na Afrilun 2016 ya tara mutum kusan 7,500, kuma kowane zubi na wannan shekara ya samu hannun mutum sama da 2,000 daga ƙungiyoyi kimanin 300. A 2015 kwamitin fasaha ya sassauta sharuɗɗan shigar sababbin sassa, tsarin da aka yi wa laƙabi da babbar rumfa, sai ƙungiyoyi suka yi yawa har mai son ɗora manhajar ya rasa gane wanne sashe ne ginshiƙi, wanne ne gwaji.

Tun kafin a kai ƙololuwa alamun baya sun fara bayyana. Kamfanin Nebula, wanda tsohon jami'in NASA Chris Kemp ya kafa, ya rufe a Afrilun 2015. HP, wanda ya taɓa zama cikin mafi yawan masu bayar da gudummawa, ya rufe girgijensa na haya a ƙarshen Janairun 2016. Cisco ya rufe nasa a 2017, shekarar da Intel ya janye kuɗinsa daga cibiyar da ya kafa tare da Rackspace don bunƙasa aikin. SUSE ya daina sayar da nasa zubin a 2019. Burin doke Amazon a kasuwar haya bai cika ba. A gefe guda kuma hankalin masana'antar ya koma kan Kubernetes, manhajar sarrafa kwantenonin manhaja da Google ya saki a 2014, kuma marubuta da yawa a jaridun fasaha suka yi wa OpenStack jana'iza tun yana numfashi.

Gidauniyar ta mayar da martani ta hanyar faɗaɗa rumfarta zuwa wasu ayyuka, irin su Kata Containers da StarlingX da shi kansa Zuul, sannan a Oktoban 2020 ta sanar da sauya suna zuwa Open Infrastructure Foundation, wadda aka fi sani da OpenInfra. Tun 2017 aka ware taron masu rubutu daga babban taron baje koli, aka fara na farko a Atlanta, don injiniyoyi su samu natsuwar tattauna aiki ba tare da hayaniyar 'yan talla ba. Annobar korona ta mayar da wannan taro kan intanet a 2020, kuma akasari a can ya ci gaba da zama, abin da ya sauƙaƙa wa wanda ba shi da kuɗin jirgi ko biza. A wannan tsakani kamfanonin ƙasar Sin irin su Huawei da China Mobile suka ƙara ƙarfi a aikin, har sanya lokacin ganawa da zai dace da Asiya da Turai da Amurka ya zama ciwon kai na dindindin.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Binciken da gidauniyar ke yi tsakanin masu amfani da manhajar yana auna girma da yawan ƙwayoyin sarrafawa, wato ƙananan sassan da ke yin lissafi a cikin kwakwalwar kwamfuta. A 2021 an ƙiyasta miliyan 25 na aiki ƙarƙashin OpenStack, a 2022 miliyan 40, a 2023 kuma miliyan 45. Cibiyar binciken nukiliya ta Turai, CERN, da ke kusa da Geneva, ta fara amfani da shi a 2013 kuma tana tafiyar da sama da 300,000 don nazarin bayanan babbar na'urarta ta karo da ƙwayoyin zarra. Kamfanin Walmart na Amurka, da OVHcloud na Faransa, da manyan kamfanonin sadarwa a Asiya da Turai duk suna cikin masu dogaro da shi.

A ɗaya ɓangaren, masu bayar da gudummawa a kowane zubi sun sauko zuwa kimanin 500 a 2024. Wani kaso na raguwar ba abin damuwa ba ne. Manhajar da ta balaga ba ta buƙatar sauye-sauye kamar jaririya, kuma a shekarun tashe an sha zargin wasu kamfanoni da turo gyaran harafi ko waƙafi don kawai sunansu ya hau sama a shafin Stackalytics da ke ƙidaya gudummawar kowane kamfani. Ƙidayar gyare-gyare ba ta taɓa zama ma'auni mai kyau na lafiyar aiki ba. Ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne yawan jigogin bita, kuma a nan ƙarancin ya fito fili: wasu ƙungiyoyi sun sassauta ƙa'idar jigo biyu zuwa ɗaya don babu na biyun, wasu kuma lokacin zaɓe ya zo ba wanda ya tsaya takarar jagoranci. Kwamitin fasaha ya ɓullo da tsarin raba aikin jagora tsakanin mutane da yawa, sannan ya fara sallamar sassan da suka rasa mai kula da su. Sahara da Murano da Senlin na cikin waɗanda aka yi wa ritaya a 2024. Ginshiƙai irin su Nova da Neutron da Cinder suna da masu kula, amma kaso mai tsoka na nauyinsu yana kan ƙalilan daga cikin kamfanoni, musamman Red Hat, wanda IBM ya saya a 2019.

Afirka da Najeriya

Alaƙar nahiyar da aikin ta fara da wuri ta hannun Canonical, kamfanin Mark Shuttleworth ɗan asalin Afirka ta Kudu, wanda a 2011 ya zaɓi OpenStack a matsayin manhajar girgije ta tsarinsa na Ubuntu a maimakon Eucalyptus. A Najeriya, hukumar NITDA ta fitar da manufar amfani da girgijen kwamfuta a 2019, aka sanya hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023, faɗuwar darajar naira daga wannan shekara kuma ta ninka wa kamfanonin da ke biyan hayar girgije da dala ɗawainiya. Waɗannan abubuwa sun sa tambayar inda bayanai ke zaune da kuɗin da ake biya da shi ta zama ta gaske. Buɗaɗɗiyar manhaja tana cire kuɗin lasisi daga lissafi, amma ba ta cire kuɗin injuna, da wuta, da sanyaya ɗaki, da albashin injiniyoyin da suka iya tafiyar da ita, kuma OpenStack ya yi ƙaurin suna wajen wuyar ɗorawa da kulawa. Ga matashin da ke koyon Python kuwa, ƙofar Gerrit ba ta tambayar fasfo ko takardar shaidar digiri.

Halin da ake ciki

A Nuwamban 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, wanda manhajarsa ta kwamfutocin kwaikwayo ta mamaye cibiyoyin bayanai na bankuna da ma'aikatu a duniya. Sabon mai gidan ya soke lasisin saye sau ɗaya ya koma na biyan kuɗi lokaci-lokaci, abokan ciniki da yawa kuma suka koka da hauhawar farashi. Wannan ya sa an sake waiwayar OpenStack a matsayin mafita, tare da damuwar ƙasashen Turai kan dogaro da kamfanonin Amurka wajen ajiye bayanansu. Zubin baya-bayan nan sun mayar da hankali kan sauƙaƙa ƙaura daga VMware da kuma inganta amfani da katunan sarrafa hoto waɗanda ayyukan ƙirƙirarriyar basira ke buƙata. A Caracal, alal misali, Nova ya samu ikon ɗauke kwamfutar kwaikwayo mai amfani da wani yanki na irin wannan kati daga inji zuwa inji ba tare da an kashe ta ba. A Maris na 2025 OpenInfra ta sanar da shiga ƙarƙashin Gidauniyar Linux, wadda ita ce ke riƙe da gidauniyar da ke kula da Kubernetes. A aikace ma cibiyoyi da yawa sun daɗe suna ɗora Kubernetes a kan OpenStack.

Babban aikin da ke gaban masu rubutu a yanzu ba ya cikin waɗanda ake tallatawa. Tun farkon kafuwarsa OpenStack ya dogara da wata ƙaramar manhajar Python mai suna Eventlet don gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda. Masu kula da Eventlet sun yi ƙaranci, kuma kowane sabon zubin Python yana ƙara wahalar tafiya da ita. Al'ummar ta taɓa yin irin wannan ƙaura, lokacin da ta bar tsohon zubin Python na 2 gaba ɗaya a fitowar Ussuri ta Mayun 2020, bayan shekaru ana shiri. Yanzu kwamitin fasaha ya ayyana cire Eventlet a matsayin burin da ya hau kan dukkan ƙungiyoyi, kuma ana yin sa sashe bayan sashe, zubi bayan zubi, tare da sharaɗin cewa girgijen da ke aiki a CERN ko a wani kamfanin waya bai kamata ya tsaya ba yayin da ake sauya masa wannan tushe.